Bireka, suwic ko canjoba: wanne ke kare gida, wanne ke bin hannu kawai?

Buɗe akwatin rarraba wuta na gidanka, wanda masu wayarin ke ce wa DB, ka duba abin da ke jere a ciki. Kusan duk fasalinsu ɗaya: farar roba, faɗin babban yatsa, da ɗan maɗanni da ake ɗagawa sama ko a sauke ƙasa. Na bakin layi ya fi sauran faɗi, kuma sau da yawa maɗanninsa ja ne. Mai gida duka bireka yake ɗaukarsu, har ma ya fi amincewa da babban, tunda shi aka rubuta wa 63A ko 100A. To, kama da wane ba ta wane. A gidaje da yawa wannan babban ba ya faɗuwa da kansa ko me ya faru, don ba a ƙera shi ya faɗi ba. Suwic ne na ɗaukar lodi: ka ɗaga wuta ta shiga, ka sauke ta yanke. Lambar jikinsa nauyin da zai iya ɗauka take faɗa, ba inda zai yanke ba. Ko amfiya 200 (amfiya ita ce A ɗin nan, ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) ta bi ta cikinsa, zai yi zafi, robarsa ta yi ƙauri, yana nan a kunne.

Wanda zai yi wa sabon gida wayarin, ko zai haɗa janareta ko sola, ko mai shagon da ya gaji da ƙonewar kaya, zai tsaya gaban mai kayan wuta a France Road ta Kano ko wata kasuwa irinta, a zube masa abubuwa huɗu ko biyar masu kama da juna, kuɗinsu kuwa ya bambanta nesa ba kusa ba. Abin da zai raba masa gardama shi ne sanin aikin kowanne. Suwic ƙofa ce, sai an taɓa ta take motsi. Bireka maigadi ne, da kansa yake gani ya rufe. Sai dai maigadin nan abu ɗaya aka ɗauke shi ya tsare, wato wayar da ke cikin bango. Talabijin ɗinka ba ta cikin aikinsa, ranka ma haka.

Abin da ke cikin bireka

A cikin ƙaramin bireka, mai rubutun MCB, dabaru biyu ne ke aiki, kuma tun 1924 da wani Bajamushe, Hugo Stotz, ya yi rajistar ƙirarsa ba su canza sosai ba. Ta farko wani siririn falle ne da aka manne daga ƙarafa iri biyu waɗanda ba sa miƙewa daidai idan sun ji zafi. Lodi ya yi yawa, fallen ya ɗumama, ya lanƙwashe a hankali har ya ture kunamar da ke riƙe da maɗannin. Da gangan aka yi shi ba ya gaggawa. Bireka mai rubutun C16 zai ɗauki amfiya 18 awa guda cur bai faɗi ba. Idan ta kai 23 da 'yan kai dole ya faɗi kafin awa ta cika, idan ta haura 40 ba zai wuce minti ɗaya ba. Shi ya sa idan aka jona dutsen guga da hita da firiza a layi ɗaya wuta ba ta yankewa nan take sai an ɗan jima, kuma in ka ɗaga shi da zafinsa ya sake faɗuwa a hannunka.

Dabara ta biyu naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu. Ranar da ɓera ya gwaigwaye roba, ko ƙusa ta huda waya a bango, waya mai wuta ta haɗe da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, abin da ke kwarara ɗaruruwan amfiya ne, wani lokaci dubbai. Nan maganaɗisun ke fizge kunamar kafin ƙiftawar ido. Harafin da ke gaban lambar shi ke faɗin inda wannan fizga ke farawa: B daga ninki 3 zuwa 5 na lambar, C daga 5 zuwa 10, D daga 10 zuwa 20. Kenan C16 yana yanke nan take tsakanin amfiya 80 da 160. Dalilin wannan rata shi ne duk wani abu mai mota, firji, AC, famfo, yana zuƙar ninki da yawa na wutarsa a daƙiƙar tashi, sannan ya lafa. B ya dace da fitilu da layi mai tsawo, C shi ne na yawancin gida da shago, D na injin walda ne da manyan motoci. Kada a bari a sa D a ɗakin kwana wai don ya fi ƙarfi. Idan wayar na da tsawo, wutar unguwa kuma ta zo da rauni, haɗewar ba za ta kai ninki goma ba, sai ya tsaya jiran zafi alhali ana son ya yanke nan da nan.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an fasa matacce. Raba ƙarafa biyu da wuta mai yawa ke bi ba ya kashe ta, tsallake iska take yi ta zama harshen wuta mai zafin dubban digiri. Bireka na ƙwarai yana da jerin ƙananan fallayen ƙarfe a ciki waɗanda ke ja harshen nan su yayyanka shi har ya mutu. Lambar 6000 ko 10000 da aka sa cikin ɗan akwati a fuskarsa ita ce iyakar amfiyar da zai iya kashewa bai fashe ba. Gidan da ke nesa da taransifoma 6000 ya ishe shi; wanda ke gindinta, ko shagon da ke da kebul mai kauri, ya nemi 10000. A nan jabu ke tona kansa. Ɗauki biyu ka auna a tafin hannu: na jabun ba nauyi, domin a wasu ba a ma sa fallayen ba, wani kuwa suwic ne tsagwaronsa aka buga masa C32 a goshi.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa ba na jabu ba ne. Mutum ya zo shago da bireka a hannu: "Malam, wannan na 20 ya ishe ni da faɗuwa, ba ni wanda ya fi shi." Mai shago, da ciniki ya fito da shi kasuwa, ya miƙo na 63: "Alhaji, ɗauki wannan, ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba." Kuma gaskiya ya faɗa, don wayar cikin bango za ta riga shi. Wayar tagulla mai kaurin 2.5 da aka zura cikin bututu amfiya ashirin da 'yan kai take ɗauka lafiya, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ma ƙasa da haka. Ka bar 45 ta bi ta cikinta, na 63 ba zai ce uffan ba. Robar ce za ta yi laushi ta tsage a saman silin, inda ba mai gani sai hayaƙi ya fito.

Daga waya ake auna bireka, ba daga yawan kayan da ake son jonawa ba. Wayar 1.5 ta fitilu da fanka, na 10. Wayar 2.5 ta soket, na 16 ko 20. Wayar 4 na 25, wayar 6 na 32. Za ka ga na 32 a kan wayar 2.5 a gidajen da aka bi tsarin Ingila, inda layin soket ke fita daga akwati ya zagaya ya dawo; hakan daidai ne muddin zagayen ya cika, amma idan an yanke shi a tsakiya yayin wani gyara lissafin ya rushe. Duk wannan idan wayar tagulla ce ta gaske. Kankare bakinta da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, kuma alminiyom ba ya iya ɗaukar abin da tagulla mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka. Bireka mai yawan faɗuwa magana yake yi. Maganinsa a ja wa AC ko hita layinsu daban.

Fiyus fa? Bai tsufa ba kamar yadda ake zato. Fiyus mai kwalba na ƙwarai, irin wanda ake sa wa katawut, wato gidan fiyus na mashigar wutar gida, da akwatin taransifoma, yana kashe haɗewar da ta fi ƙarfin ƙaramin bireka ninki da yawa, ba shi da abin da zai cije, kuma da araha. Rauninsa mutane ne. Zare katawut a gidaje goma ka gani: silin tagulla uku an murɗe su wuri ɗaya a gurbin fiyus, farar tangaran ta yi baƙi ƙirin, a wani ma guntuwar waya mai kauri aka lanƙwasa. Daga ranar da aka yi haka gidan ba shi da fiyus. Giya-suwic, akwatin ƙarfen nan mai mariƙi a gefe, suwic ne da fiyus aka haɗa a gida ɗaya: mariƙin na hannu, fiyus na kariya. Haɗin mai kyau ne ga wurin sana'a inda akwai wanda zai riƙa sayen fiyus na gaske. A gidan iyali kuwa na fi son bireka, saboda ba a ɗaure shi da waya da tsakar dare.

Inda suwic ya fi

Kada a ɗauka suwic bireka ne da bai ƙarasa ba. Akwai ayyukan da shi ne gwaninsu. Ƙa'idar da ake gwada birekan gida da ita, IEC 60898, sau 4,000 take buƙatar a kunna shi a kashe ya tsira. A ƙasar da ba a ɗauke wuta wannan ya ishi mutum har jikokinsa. A gidan da ake taɓa shi sau biyar a yini kuwa an haura 1,800 a shekara ɗaya. Kunama na gajiya, bakin ƙarafan na cinyewa, ranar da ake buƙatar ya faɗi ba ka da tabbas. Suwic ba shi da waɗannan ƙananan gaɓoɓi, an yi shi ne don hannu.

Sai raba layi don gyara. Mai gyaran sumo a rijiyar burtsatse, ko mai wanke AC, yana buƙatar abin da zai kashe kusa da shi, idonsa a kai, in ya ga dama ya garƙama masa kwaɗo. In ba haka ba, yana riƙe da waya wani yaro a cikin gida zai ga bireka a ƙasa ya ɗaga don yana son kallo.

Suwic ma iri-iri ne, kuma rubutun gefensa ke rarrabe su. Za ka ga IEC 60947-3, sannan AC da lamba. AC-20 ba a taɓa shi sai ba lodi a kai, raba layi kawai yake yi bayan an riga an kashe. AC-21 na lodin da ba mota, kamar hita. AC-22 na lodi gauraye, shi ya dace da babban suwic na gida ko shago. AC-23 na mota ne: injin niƙa mai lantarki, injin zarto, babban famfo. Mai injin da ya sayi AC-21 don araha zai ga tartsatsi kullum har bakin ƙarafan ya manne.

Wannan rabon aiki haka yake har a manyan tashoshi irin ta Kumbotso, inda layin bolt 330,000 ke sauka a Kano. Bireka a can yana kashe harshen wuta ne a cikin wata iska mai suna SF6, gefensa kuma ga ayisoleta, dogayen hannuwan ƙarfe a fili da ake ganin buɗewarsu da ido. Bireka ake fara buɗewa, sannan ayisoleta, sannan a ɗaure layin da ƙasa. Wajen mayarwa a bi ta baya. Wanda ya buɗe ayisoleta da lodi a kai ba shi zai ba da labari ba. Fiyus ɗin nan da ke reto a kan turken taransifomar unguwa idan sun ƙone su ma haka suke, kuma samarin da ke ɗaukar doguwar gora su mayar da su don wuta ta dawo da ransu suke wasa.

Wani suwic na lodi da ba a lura da shi yana cikin mita mai kati. Shi ke yin ƙas idan kuɗi ya ƙare ko an wuce iyakar da aka saita. Kamfani yake yi wa aiki, ba ya maye gurbin bireka ko fiyus.

Canjoba

Da wuya ka sami gida a Kano, Katsina ko Gusau da hanyar wuta ɗaya kawai ke shigarsa. Ga ta kamfani, wadda har gobe NEPA muke ce mata duk da an sayar da kamfanonin rarrabawa tun 2013, ga janareta, yanzu ga inbata. Canjoba suwic ne mai hanya biyu, aikinsa kuma ɗaya tak: kada hanyoyin nan su taɓa haɗuwa.

Idan suka haɗu abu biyu ne. Na farko kowa ya san shi, NEPA ta dawo ta tarar da janareta a kan layi, kwayil ya ƙone. Na biyun ba a cika zancensa ba, kuma ya fi muni. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa 415, haka idan ka ba ta 230 ta ƙasa za ta ɗaga shi ya koma dubbai ta sama. Sau da yawa ƙaramin janareta zai shaƙe ya mutu don ya tarar yana ciyar da maƙwabta duka. Amma idan an riga an raba layin kusa da gidanka don gyara, ba abin da zai shaƙe shi, kuma ma'aikacin da ya hau turke da tabbacin an kashe wuta shi zai taɓa ta.

Don haka dabaru biyu da aka saba ba su cancanci a sa su cikin zaɓi ba. Waya mai filogi a kowane baki, ɗaya a janareta ɗaya a soket na bango: bakin da ke hannunka tsirara yake da wuta. Sai bireka biyu a jere da dokar "kashe wannan kafin ka kunna wancan". Dokar tana aiki har daren da aka aiki yaro ko baƙo. Bireka biyu na zama canjoba ne kawai idan an sa musu sandar da ke hana ɗaga su tare.

Gasar ta gaske tsakanin mai wuƙa ne da mai juyi. Mai wuƙa ya fi araha, ana ganin inda yake da ido, kowane mai gyara ya san shi. Matsalarsa ita ce saurin yankewa saurin hannunka ne. Wanda ya ja shi a hankali cikin tsoro shi ya fi haifar da tartsatsi, kuma duk tartsatsi yana cin muƙamuƙin da wuƙar ke shiga. Bayan wani lokaci ka buɗe murfin ka ga tagullar ta yi shuɗi da baƙi, wuƙar na shiga sako-sako, kana taɓa akwatin da ɗumi. Sai murfin ya fashe, a bar shi haka nan a zaure inda yara ke wasa. Mai juyi, wanda aka rubuta wa I, 0, II, wani naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle da ke cikinsa ne ke tsinke shi da sauri ɗaya ko wa ya juya, komai nasa a rufe, kuma ba a zuwa II sai an bi ta 0. Ni shi nake zaɓa, ƙarin kuɗin bai kai na naɗin kwayil sau ɗaya ba. Wanda ke da mai wuƙa ya rage manyan kaya kafin ya ja, ya kuma ja shi lokaci ɗaya ba tare da ɗari-ɗari ba. Ko wanne ne, ya raba nutural tare da mai wuta: baki biyu a layi ɗaya, baki huɗu a layi uku. Lambarsa kuma kada ta gaza ta birekan da ke gabansa.

Mai canza kansa, ATS, daɗi gare shi, musamman ga asibiti ko mai sana'ar ƙanƙara. Amma a nemi mai jinkiri da mai auna bolt, domin wutarmu takan zo ta yi daƙiƙa biyar ta koma, ko ta zo rabi. Kwamfaresar firji na son 'yan mintoci kafin a sake tashinta. Idan na haɗin gida ne da kwantakta biyu, wato suwic ɗin da maganaɗisu ke kunnawa, a tabbata akwai makullin ƙarfe tsakaninsu, ba na waya kaɗai ba.

Kowane iri ka saya, canjoba ba ya kare komai daga lodi ko haɗewa. Kowace hanya na son birekanta. Janareta mai 2.5kVA amfiya 11 ce iyakarsa, ko an haɗe bakinsa 'yan ninki kaɗan zai iya bayarwa. Babban bireka na 63 ba zai ma san ana yi ba. A sa masa nasa daidai ƙarfinsa, kamar na 10.

Masu layi uku da ke canza layi idan ɗaya ya ɗauke, ana zare katawut daga jan layi a soka a shuɗin layi da tocilan a baki, su ma suwic mai juyi na zaɓen layi ya fi musu. Tsakanin layi da layi bolt 415 ne, kuma katawut ba a yi shi don a zare da lodi a kai ba.

Abin da bireka ba ya gani

Lokacin hunturu, hita a cikin bokiti, mace ta tsoma yatsa ta ji ko ruwan ya yi zafi. Idan hitar ta tsage, wutar da za ta bi ta jikinta zuwa jiƙaƙƙen siminti ba ta kai amfiya ɗaya ba. Amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. Daga wajen 10 hannu ke ƙanƙamewa ya kasa saki, daga 50 zuwa sama zuciya na iya rikicewa. Bireka na 16 kuwa 16,000 yake ɗauka yini guda bai ji komai ba. A wajensa mutumin da wuta ke ja bai kai ƙwan fitila ba.

Abin da ke ganin wannan shi ne RCCB, wanda za ka gane da ɗan maɓalli mai harafin T da rubutun 30mA. Yana auna abin da ya fita ta mai wuta da abin da ya dawo ta nutural. Idan sun bambanta da miliamfiya 30, wani wuri na yoyo, sai ya yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Mai 100mA ko 300mA don gobara aka yi shi, ba don jiki ba. A tsarin Faransa, wanda Nijar ta gada, birekan da kamfani ke sawa kusa da mita yakan zo da 500mA. Shi ma bai wadatar ba, a ƙara mai 30 a ciki. A lura kuma, 40A ko 63A da ke jikin RCCB irin ta suwic ce: ba ya faɗuwa don lodi, dole a sa bireka tare da shi. Wanda ya haɗa aikin biyu a jiki ɗaya shi ne RCBO, ya fi tsada, amma layin da ya sami matsala kaɗai yake yankewa.

Masu wayarin da yawa ba sa son sa, suna cewa yana damun mutane da faɗuwa. Sau da yawa aikinsu yake tonawa: nutural ɗin layi biyu da aka haɗe, ko aka taɓa shi da wayar atin, wadda ke kai wuta ƙasa, a wani soket, ko laima a akwatin waje. In kuɗi bai kai a sa wa gida duka ba, a fara da banɗaki, kicin, sumo da soket na tsakar gida. A kuma binne sandar atin ta gaske, domin da ita ne firjin da ke yoyo zai yanke wuta tun kafin wani ya taɓa shi. Wanda ya kama mai wuta da nutural a lokaci ɗaya yana tsaye a busasshen wuri, ko RCCB ba zai cece shi ba.

Abu na biyu da bireka ba ya gani shi ne hawa da saukar bolt. Idan nutural ya tsinke a taransifoma ko a turke, wasu gidaje su sami kusan 400 a soket, wasu fitila ta yi ja. Talabijin da caja da firji su tafi a minti ɗaya, bireka na tsaye, domin amfiyar ba ta wuce lambarsa ba. Na'urar da ke yanke wuta idan bolt ya haura ko ya gaza, mai ɗan allo da ke nuna lamba, tana zama a cikin DB kamar sauran, kuma a unguwanninmu ta fi kusan komai saurin biyan kuɗinta.

Sola kuwa wata duniya ce. Wutar NEPA tana kai da komo, tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, kuma a wannan ratsawar harshen wuta ke mutuwa. Wutar batir da farantin sola hanya ɗaya take bi ba hutu, harshenta in ya kama ba ya son saki. Birekan gida da aka ɗora a kan jerin faranti mai bolt 300 ko 400 yana iya kamawa da wuta a hannun wanda ya kashe shi da rana tsaka. A nemi mai rubutun DC, wanda bolt ɗinsa ya haura na jerin farantin, a kuma bi alamar + da − idan yana da ita. Bakin batir ya fi haɗari. Inbata mai wat 5,000 a kan batir mai bolt 48 tana jan sama da amfiya 100, batir ɗin kuma in aka haɗe shi dubbai zai zubo. Suwic kaɗai a wajen bai isa ba, sai fiyus ko birekan DC dab da kan batir. A kuma sa ƙaramin canjoba da zai tsallake inbata, don ranar da ta lalace kada gida ya kwana a duhu NEPA na ƙofa.

To, a taƙaice wa zai sayi me? Mai shago ɗaya da fanka, fitilu, firiza da ƙaramin janareta: canjoba mai juyi baki biyu, bireka na 10 ga fitilu, na 16 ko 20 ga soket, da na'urar bolt. Gidan iyali ya ƙara RCCB mai 30mA, layi daban ga kowane AC da hita, da suwic kusa da sumo. Babban na bakin DB zai iya zama suwic idan katawut ɗin da ke gabansa fiyus na gaske ne a ciki. In ka san waya aka ɗaure, ko ba ka da tabbacin ba za a ɗaure ba, sa bireka mai baki biyu a gurbinsa. Mai injin niƙa ko zarto a layi uku, babban bireka irin MCCB ko giya-suwic a mashiga, suwic mai AC-23 kusa da kowane inji, da sitata mai nata ma'aunin zafi, tunda bireka kebul yake karewa, motar kuwa tana iya ƙonewa a ƙasa da lambarsa, musamman idan layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke. Idan kuɗin na zuwa ne kaɗan-kaɗan, ni canjoba nake farawa da shi, sai a daidaita bireka da waya, sai RCCB.

Aikin a ba wanda ya iya. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaida, kuma ba laifi ba ne ka tambaya. Kafin ka biya cikon kuɗi ka ce ya danna maɓallin T a gabanka ka ga wuta ta ɗauke, ya rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekansa. Bayan 'yan makonni ya dawo ya kashe komai ya sake ɗaure sukurori, domin tagulla na zama bayan an matse ta, kuma baki mai sako-sako yana zafi ko da amfiya 10 ce ke bi. Wannan zafin ba bireka, ba RCCB, ba fiyus da ke ganinsa.